Wai Me Ake Koya Mana a Sashen Gudanar da Kasuwanci?

Akwai tambayar da duk ɗalibin sashen gudanar da kasuwanci ya saba ji a makarantar nan, musamman daga bakin abokanmu na injiniyanci: "Ku wai me kuke karantawa ne takamaimai? Alhassan Dantata wace makarantar kasuwanci ya shiga?" Wasu har su ƙara da cewa kwas ɗinmu matattarar waɗanda suka rasa gurbi ne a sashen akanta ko na harkar banki. Raha ce, amma tana da cizo, domin a cikinmu ma akwai waɗanda suka kai ajin ƙarshe ba su da amsa. Ɗan sashen lantarki zai nuna maka wayoyin da ya haɗa. Ɗan sashen gine-gine ya buɗe maka zane. To mu fa, me za mu nuna?

Tambayar ta wuce wasa ga waɗanda za su kammala ND a bana. Wasunmu na lissafin ko su dawo HND, wasu kuma tun yanzu sun fara mafarkin MBA, kuma duka biyun kuɗi ne da shekaru, mafi yawanci daga aljihun iyaye. Gara mutum ya san abin da zai saya kafin ya biya.

Amsata ita ce: ana koya mana yadda ake ciro harka daga cikin kan mutum ɗaya, a mayar da ita tsarin da wasu za su iya gani, su auna, su tafiyar ko da mai ita ba ya nan. Rabin wannan ana iya koyar da shi a aji. Ɗaya rabin kuwa aji sai dai ya nuna maka hanya.

Bari mu fara da Dantatan da ake yi mana gori da shi. Gaskiya ne bai zauna a ajin gudanarwa ba. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro ta hanyar Gwanja, daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955. Amma cewa bai shiga makarantar kasuwanci ba, ba ya nufin bai koyi gudanarwa ba. Fatauci yana da nasa tsarin tun kafin zuwan Turawa. Ayari yana da madugu, wanda shi ke yanke inda za a yada zango, shi ke sasantawa da masu ƙasa kan kuɗin wucewa, shi ke raba gardama. Akwai jagaba mai sanin hanya. A garin da aka sauka akwai fatoma mai ba da masauki da ajiyar kaya, akwai dillali mai haɗa ciniki. Wannan rabon aiki ne, kuma kowa ya san iyakar ikonsa. Yaro yana koyon duk wannan a gindin maigidansa shekara da shekaru kafin a yaye shi.

Matsalar wannan makarantar guda biyu ce. Ta farko, sai kana da maigida. Ta biyu, ilimin yana zaune ne a kan mutum, ranar da mutumin ya faɗi sai a binne shi da shi. Kowannenmu ya san wani shago a Kantin Kwari, ko Singa, ko kasuwar garinsu, wanda yake cike maƙil lokacin Alhaji na raye, amma shekara biyu bayan rabon gado sai ka tarar an sa kwaɗo. Ba lallai 'ya'yan malalata ne ba. Sau da yawa babu wanda ya san waye ake bi bashi, waye ke bin su, wane kaya ne ke kawo riba, wane ne ke cin jari a ɓoye. Duk a kan Alhaji suke. Gidan Dantata ya yi suna ne saboda harkar ta wuce daga tsara zuwa tsara, kuma masu yi mana gori ba su cika ambaton cewa tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Dangote, karatun kasuwanci ya yi a jami'ar Al-Azhar da ke Alƙahira ba.

Mutanen da muke haddace sunayensu

A darasin ƙa'idojin gudanarwa akwai wasu Turawa da muke haddace sunayensu saboda jarrabawa, mu manta da su washegari. Ni a ganina an cuce su, domin kowannensu wata matsala ce ta gaske ta dame shi, irin wadda za ka tarar yau a gidan biredi ko gidan ruwan leda.

Frederick Taylor injiniya ne Ba'amurke da ya yi aiki a masana'antun ƙarfe na jihar Pennsylvania. Abin da ya dame shi shi ne kowane lebura yana aiki yadda ya ga dama, kuma babu wanda ya san aikin yini guda nawa ne ya kamata. Sai ya ɗauki agogo yana auna kowane motsi: ɗaga, tafiya, ajiyewa, hutu. A littafinsa na 1911 ya ba da labarin masu loda curin ƙarfe a taragon jirgin ƙasa a kamfanin Bethlehem Steel. Ya ce mutum yana loda tan 12 da rabi a yini, amma da aka tsara masa lokacin ɗauka da lokacin hutu sai ya kai tan 47. Ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Ku duba lissafin da kyau. Aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada ko ninki biyu bai yi ba. Shi ya sa ma'aikata suka tsani agogon nan. A 1911 an yi yajin aiki a kansa a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown, har wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya kira Taylor ya yi bayani. Darasin da nake ɗauka a nan biyu ne a haɗe: abin da ba ka auna ba ba za ka iya gyara shi ba, amma mutumin da kake aunawa shi ma yana nasa lissafin.

Henri Fayol shi Bafaranshe ne, ya shugabanci wani kamfanin haƙar kwal da sarrafa ƙarfe kusan shekara 30. Taylor ya kalli aiki daga wajen lebura, shi kuwa ya kalle shi daga kujerar oga. A 1916 ya rubuta cewa aikin manaja kashi biyar ne: hangen gaba da tsarawa, shirya mutane da kayan aiki, ba da umarni, daidaita sassa, da bin diddigi. Ya kuma jera ƙa'idoji 14 da muke sha da kyar a daren jarrabawa. Guda ɗaya kawai zan ɗauko, wadda ta ce kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga oga ɗaya tak. Ka je shagon da maigida ya ce kada a ba kowa bashi, ƙanensa ya zo ya ce a ba wane, babban ɗa kuma ya bugo waya ya ce a kai wa abokinsa dila biyu. In kuɗi suka maƙale, wa za a kama? Yaron shago mana. Hausawa sun riga sun faɗa cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya. Fayol dai ya rubuta ta ne a matsayin dokar aiki.

Daga nan sai aka gano cewa agogo da jadawali ba su isa ba. Daga 1924 zuwa 1932 an yi jerin gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Chicago, inda ake ƙera kayan tarho. Da farko so ake a ga ko ƙarin hasken fitila zai ƙara yawan aiki. An ƙara haske, aiki ya ƙaru. An rage haske, aiki bai faɗi yadda aka zata ba. Elton Mayo da abokan aikinsa suka fassara abin da cewa kulawar da ake nuna wa ma'aikata, da zumuncin da ke tsakaninsu, suna da tasiri a kan aiki. Masu binciken da suka zo daga baya sun soki yadda aka yi gwaje-gwajen, amma ƙofar da suka buɗe ba ta sake rufuwa ba. A 1960 Douglas McGregor ya ce manajoji iri biyu ne. Akwai mai ɗaukar cewa ma'aikaci malalaci ne sai da tsawa, akwai mai ɗaukar cewa mutum yana son aikinsa ya yi kyau in an ba shi dama. Waɗannan su ne X da Y ɗin da muke zanawa a takardar amsa.

In kana ganin duk wannan surutun aji ne, ga labarin da ni ya fi gamsar da ni. Kamfanin motoci na General Motors yana da masana'anta a garin Fremont na jihar Kaliforniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki, yawan yaji da motoci masu aibi. A 1982 aka rufe ta. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, da sunan NUMMI, kuma akasarin ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin nan ne da ake cewa ba sa jin magana. Abin da ya canza shi ne yadda ake tafiyar da su. An raba su ƙananan rukunoni, an horar da su, kuma an ba kowane ma'aikaci ikon jan wata igiya in ya ga matsala, a zo a duba, in ta kama a tsayar da layin haɗa motar gaba ɗaya har a gyara. A da, tsayar da layi babban laifi ne, don haka in an ɗaura wani abu a karkace sai a bar shi ya wuce. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin Fremont ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Gini ɗaya, mutane kusan ɗaya, sakamako daban. Tazarar da ke tsakanin 1982 da 1984 ita ce abin da sashenmu ke ƙoƙarin koyarwa.

Inda lissafi ya shigo

Da yawa sun zaɓi kwas ɗin nan ne don gudun lissafi, sai suka tarar da shi yana jiransu a ƙofa: lissafin kasuwanci, ƙididdiga, ka'idojin akanta, lissafin kuɗin samar da kaya. Manhajar da hukumar NBTE ta tsara ta haɗa waɗannan da tattalin arziki, tallata kaya, dokar kasuwanci, sayen kaya, kula da ma'aikata da koyon kafa sana'a. Shi ya sa ake mana kallon masu taɓa komai ba su ƙware a komai ba. Amma manufar ke nan. Manaja ba shi ne akanta ba, sai dai in bai iya karanta abin da akanta ya kawo masa ba, to akantan ne ke riƙe da kamfanin.

Ga misali guda da zai nuna amfanin abin. A ce kana da ƙaramin gidan biredi. Haya, albashi, gyaran janareta da sauran abin da dole ka biya ko ka gasa ko ba ka gasa ba sun kama naira 300,000 a wata. Kana sayar da biredi ɗaya naira 1,000, kuma fulawa, suga, yis, man gasawa, leda da makamashi suna cin naira 800 a kowane ɗaya. Saura 200. Kafin ka ce ka ci ribar ko sisi, sai ka sayar da biredi 1,500 a wata, wato 50 a kullum. Wannan ita ce gaɓar da ba riba ba faɗuwa. Yanzu a ce fulawa ta tashi, kuɗin kowane biredi ya koma 900. Ƙarin bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba, har kana iya cewa ai ba komai. Amma abin da ke rage maka ya dawo 100, don haka yanzu sai ka sayar da 3,000 kafin ka tsira. Ninki biyu! Mai gidan biredin da bai san wannan lissafi ba zai ga ciniki na tafiya kamar kullum, layi a ƙofa, amma jari na zaizayewa. Daga nan sai a fara zargin yara da sata, ko a ce baki ne ya kama harkar.

Na biyu shi ne bambancin riba da kuɗi a hannu. Kana iya sayar da kayan miliyan biyu a wata, a takarda ka ci ribar dubu ɗari uku, amma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu duk bashi ne a hannun kwastomomi, shi kuwa wanda ya ba ka kayan kuɗinsa yake so ranar Juma'a. A takarda kai mai riba ne, a aljihu kuwa ba ka da na sake saro kaya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwarmu ba ta tafiya sai da shi. Abin da aji ya ƙara mana shi ne a rubuta wa ake bi, tun yaushe, kuma nawa ne iyakar abin da harkar za ta iya jurewa a waje. Irin wannan ilimi ana koyon sa tsaf a kan benci, kuma ina ganin shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin makarantar ND.

Gudanarwa daban, shugabanci daban

A bakinmu kalmomin nan biyu sukan cakuɗe, duk wanda ke kan kujera shugaba ne. John Kotter na makarantar kasuwanci ta Harvard ya raba su a wata maƙala da ya fitar a 1990. A wajensa gudanarwa ita ce shawo kan harka mai sassa da yawa: kasafi, ɗaukar ma'aikata, bin diddigi, warware matsala. Shugabanci kuwa yana tasowa ne lokacin da ake bukatar canji: nuna inda aka dosa, shawo kan mutane su yarda, da riƙe musu ƙwarin gwiwa in tafiya ta yi tsanani. Ya ce kowanne yana bukatar ɗan'uwansa.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba, ƙungiyar ɗalibai da ke buga wannan mujalla ta isa. Shugaban ƙungiya ba ya biyan kowa albashi, ba ya iya korar ɗalibi daga makaranta. In ya ce a fito gyaran harabar ɗakunan kwana ranar Asabar aka fito, to yarda ce ta fito da mutane, wannan shugabanci ne tsantsa. Amma rasit ɗin kuɗin da aka kashe, rubuta abin da aka yanke a taro, da takardar miƙa mulki da zaɓaɓɓu na gaba za su karanta su san inda aka tsaya, wannan gudanarwa ce. A lokacin kamfe kowa na farkon yake tallatawa, don shi ke kawo tafi. Na biyun ba shi da armashi, amma rashinsa ne ke sa kowace sabuwar majalisa ta fara daga tushe kamar ba a taɓa yin wata ba. Shawarata ga 'yan ajin farko a sashenmu: ku nemi muƙami ko da na ma'ajin ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku ne. Ranar da kuka tashi karɓar kuɗin wata daga hannun abokanku, za ku fahimci McGregor fiye da yadda handaut zai fahimtar da ku.

Wani malami ɗan ƙasar Kanada, Henry Mintzberg na jami'ar McGill, ya yi abin da ya kamata a ce an yi tun farko. Ya bi wasu manyan shugabannin ma'aikatu guda biyar, kowanne na mako guda, yana rubuta duk abin da suka yi. A littafinsa na 1973 ya nuna cewa ba zama suke a ofis shiru suna tsara shekara biyar ba kamar yadda littattafai ke nunawa. Rabin ayyukansu ba sa kai minti tara. Waya, baƙo, taron gaggawa, takarda, wani ya leƙo da ƙorafi. Duk wanda ya taɓa zama a shagon babban ɗan kasuwa na awa ɗaya ya ga wannan da idonsa. To ta yaya za a koya wa mutum yanke shawara cikin minti tara, da rabin bayani, alhali ana jiransa a waya? Wannan tambayar ce ta haifi salon koyarwar manyan makarantun kasuwanci.

Abin da ake yi a makarantar kasuwanci

Makarantar Wharton ta jami'ar Pennsylvania ta buɗe a 1881, ta Harvard kuma a 1908, kuma a can aka fara ba da digirin MBA. Abin da Harvard ta yi fice da shi shi ne koyarwa da labarin abin da ya faru a wani kamfani na gaske, salon da ta aro daga makarantar koyon lauya. Ana ba ɗalibi shafuka masu ɗauke da tarihin kamfanin, alkalumansa, da matsalar da ke gaban manajansa, sai a tsaya daidai inda za a yanke hukunci. Ba a rubuta amsa. Washegari a aji mai mutum kusan 90, malami na iya nuna kowa ba tare da gargaɗi ba ya ce, kai ne manajan, me za ka yi? Kana gama magana wani ya ɗaga hannu ya rusa hujjarka da alkaluman shafi na goma sha biyu. A darussa da dama, rabin maki daga irin wannan magana a aji yake fitowa. Cikin shekara biyu ɗalibi kan bi ta kan labarai wajen 500.

Abin lura shi ne su waye ke zaune a ajin. Galibinsu sun yi aiki na kimanin shekara biyar kafin su zo. In ana maganar korar ma'aikaci, akwai wanda ya taɓa kora, akwai wanda aka taɓa kora. Ilimin yana fitowa ne daga benci kamar yadda yake fitowa daga allo. Duk da haka Mintzberg bai gamsu ba. A 2004 ya fitar da littafi guda yana sukar MBA, yana cewa ba a mayar da wanda bai taɓa riƙe kowa ba manaja a cikin aji, domin gudanarwa sana'a ce da ake ƙwarewa a kanta ta hanyar yi. Ina tare da shi a rabi. Lissafin gidan biredin nan ba ya bukatar ka taɓa riƙe kowa. Amma yadda za ka gaya wa dattijon da ya girmi mahaifinka, wanda ya shekara ashirin a sito, cewa daga yau sai ya rubuta duk abin da ya fita, wannan babu handaut ɗinsa.

A Najeriya ma akwai irin waɗannan makarantu. Makarantar Kasuwanci ta Legas ta fara a 1991, tana ƙarƙashin jami'ar Pan-Atlantic, kuma tana amfani da wannan salo na labarin kamfani. A Arewa akwai makarantar kasuwanci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Dangote a Jami'ar Bayero da ke Kano. Ga ɗan poli, hanyar tana da ɗan tsawo: ND shekara biyu, shekarar IT, HND shekara biyu, bautar ƙasa, sannan galibin jami'o'i za su nemi ka yi difloma ta gaba da digiri, wato PGD, kafin su ɗauke ka MBA. Wannan matakin na PGD ɗaya ne daga cikin wuraren da bambancin HND da digirin jami'a ke cizon mu, kuma ya kamata mai shirin tafiya ya sa shi a lissafin kuɗi da na shekaru tun yanzu. Akwai kuma Cibiyar Gudanarwa ta Najeriya, NIM, da aka kafa a 1961, wadda ke da shirin ba masu bautar ƙasa horo da takardar shaida.

Ni dai ba na ganin hikima a ce mutum ya jera takardun nan a jere ba tare da ya tsaya ya yi aiki a tsakani ba. Wanda ya shiga MBA bai taɓa riƙe ko mutum biyu ba, zai zauna ne yana sauraron labarin wasu, ya fito da satifiket da kuma girman kan da zai hana shi koyo a wajen waɗanda suka fi shi sanin aikin.

Akwai kuma gyaran da nake fata a namu ɓangaren. Yawancin misalan da ke littattafanmu daga ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa suke, inda kotu ke karɓo maka bashi, inda ba a san ɗan'uwan oga da ba ya koruwa ba. Alhali muna da namu labaran da suka cancanci a zauna a kansu. Unguwar Kakuri a Kaduna ta taɓa cika da masaƙu, tun daga Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, dubban mutane na ci a ƙarƙashinsu. Yau galibinsu a rufe suke, haka ma masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa. Ana ambaton rashin wuta, tsadar man injin, tsofaffin na'urori, da atamfar waje da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya. To a kawo wannan aji, a ce kai ne manajan ɗaya daga cikinsu ana saura shekara biyar a rufe: wanne daga cikin matsalolin nan ke hannunka, wanne ne ya fi ƙarfinka, kuma me za ka yi da ma'aikata dubu biyu? Muhawara ɗaya a kan wannan ta fi mana haddar ƙa'idoji 14, kuma ba ta bukatar kuɗi, sai malami mai haƙuri da ɗaliban da suka yi karatu kafin su shigo. Sharaɗi na biyun nan, in za mu faɗi gaskiya, a wuyanmu yake.

Kafin a kai can, abin da ke hannunmu shi ne shekarar IT. Da yawa suna ɗaukar ta a matsayin hutu, a samu inda za a buga hatimi a takarda a wuce. Ga ɗalibin gudanarwa kuwa ita ce rabin karatun da aji ba zai bayar ba, kuma ba sai a banki ko kamfanin sadarwa ba. Ƙaramin wuri ma ya fi, domin a nan za ka ga harkar daga kai har ƙafa: gidan ruwan leda, injin casar shinkafa, kantin magani, makarantar kuɗi. Ka riƙe ɗan littafi. Ka gano wa ke da ikon sa hannu a fitar da kuɗi, da abin da ke faruwa ranar da ba ya nan. Ka lura da wanda ma'aikata ke zuwa wajensa in abu ya ɓaci, sau da yawa ba shi ne mai babban ofis ba. Ka nemi izini ka lissafa musu kaya nawa za su sayar a wata kafin su fara cin riba, domin akwai yiwuwar babu wanda ya taɓa yi musu. In maigidan ya yarda, ka jera masa sunayen masu bashi a takarda ɗaya, da ranar da kowa ya karɓi kaya, daga mafi daɗewa zuwa na jiya.